Nikolai Astrup: Baƙauye Ne Ko Ɗan Zamani?

Shekara da shekaru, duk ran da zan fara koya wa ɗalibai tarihin zanen zamani na Turai, akwai wata taswira da nakan zana musu a allo tun ban ce uffan ba. Ba ni na ƙago ta ba. Wani Ba'amurke ne, Alfred Barr, shugaban gidan ajiye zanen zamani na birnin Niyok, ya tsara ta a 1936. Ya jera shekaru a gefe, daga 1890 zuwa 1935, sa'an nan ya yi ta jan kibiyoyi daga wannan suna zuwa wancan, daga Cézanne zuwa salon su Picasso, daga Gauguin da Van Gogh zuwa salon su Matisse, har dai kibiyoyin nan suka gangaro ƙasan takarda suka tsaya a kan irin zanen da ba ya kwaikwayon kamannin komai. Kusan duk inda kibiya ta bi sai ta ratsa ta Faris. Mu kuwa mutanen Afirka an ba mu wani ɗan akwati da jar tawada, an rubuta sassaƙen baƙar fata a ciki, kibiya ta fita daga gare mu ta nufi Faris, ba kuwa wadda ta komo. Wannan yakan ɗan sosa mini rai, amma ban taɓa tuhumar taswirar ita kanta ba. Na haddace ta tamkar karatun allo, na kuma sa ɗalibai sun haddace, wanda ya kawo ta daidai a jarrabawa ya ci.

A cikin darasin nawa ƙasar Norwe mutum ɗaya tak gare ta, watau Edvard Munch, mai hoton nan na 1893 na mutumin da ya dafe kunnuwa yana kururuwa. Shi ma rabin sa'a nakan ba shi, mu wuce. Da a ce wani ɗalibi ya ɗaga hannu a lokacin ya ce, "Malam, ina Nikolai Astrup?" da sai in ce ya maimaita sunan, domin ban taɓa jin sa ba.

A farkon 2016 aka tura ni Ingila wani kwas na 'yan watanni. Wata Asabar cikin watan Fabrairu, sanyi ya hana ni sakat, ɗakin da na kama kuwa sai ka biya kuɗi kafin ya yi ɗumi, sai wata tsohuwar Baturiya da ke aiki a laburaren makarantar ta miƙo mini tikiti, ta ce 'yarta ce ta saya ta fasa zuwa. Wai ana nunin aikin wani mutumin Norwe a gidan zane-zane na Dulwich, can kudancin Landan. Gaskiya ɗaya ce, ya mai karatu, ban je don Astrup ba, na je ne don in sami inda zan fake wa sanyi kyauta.

Da na shiga ɗakin farko, abin da ya fara zo mini a rai shi ne, ashe hotunan kalanda aka tara. Ga tafki, ga dutse, ga gidan katako, ga furanni ruwan ɗorawa sun cika fadama, ga kore iri-iri har ya gundure ka. Aiki sama da 90 aka rataye, kusan dukkansu kuwa wuri ɗaya suke nunawa. Na ce a raina, wannan bawan Allah ana can Faris ana juyin juya hali, shi yana nan yana zana kabejin bayan gidansu. Na yi ta wucewa da sauri, hannu a aljihu, har na iso inda aka jera hotunan wuta.

A ƙasar Norwe, daren 23 ga Yuni, lokacin da rana ta fi daɗewa a sama, mutanen karkara sukan hau gangaren duwatsu su hura manyan wutace, a yi goge, a yi rawa, a sha giya har gari ya waye. Astrup ya zana wannan dare sau da yawa. Hayaƙi na murɗawa yana hawa, harshen wuta ja da rawaya, samari da 'yan mata sun riƙe juna, dutse kuma ya tsaya baƙi ƙirin a bayansu da ragowar ƙanƙara a kansa. A wasu daga cikin hotunan za ka ga wani mutum shi kaɗai a gefe, bai shiga rawar ba, kallo kawai yake. Na matsa na karanta ɗan bayanin da aka liƙa a bango. Ashe uban Astrup limamin cocin garin ne, mutum mai tsanani, ya kuma hana ɗansa zuwa wurin wutar, don a ganinsa ragowar al'adar maguzanci ce. Yaron sai dai ya hango daga nesa.

Nan fa na tsaya, na kasa gaba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barinmu mu je dandali ba. In farin wata ya fito aka soma kalangu, ni da ƙanena mukan taka turmi mu leƙa ta saman katanga, ba ma ganin komai sai ƙura da hasken acibalbal na masu sayar da rake da gyaɗa. Har yau in aka ce mini dandali, wannan ƙura da wannan haske nake gani, ba fuskar kowa ba. To, haka mutanen Astrup suke a bakin wuta, ba su da fuska sosai, kamar an hango su ta saman katanga.

Amma fa ni malami ne, na san tausayi daban, hukunci daban. Hoto ya tuna maka ƙuruciyarka bai isa ya sa mai shi cikin manya ba. Saboda haka na koma Dulwich har sau biyu da kuɗin aljihuna, na sayi littafin nunin duk da tsadarsa, na zauna na karanci mutumin.

An haife shi a 1880, ya tashi a ƙauyen Ålhus, a bakin tafkin Jølster da ke yammacin Norwe, tafkin da tsawonsa ya kai wajen kilomita 30, duwatsu sun kewaye shi. Tun yana yaro yake fama da ciwon asma, gidan limamin kuwa tsoho ne mai danshi. Uban ya so ya gaje shi, shi kuwa ya ce zane zai yi. A 1899 ya tafi babban birni, Kristiania, wanda yanzu ake kira Oslo, ya yi karatu a hannun wata shahararriyar mai zane, Harriet Backer. Daga nan ya wuce Faris a ƙarshen 1901, ya zauna ƙarƙashin ɗan ƙasarsu Christian Krohg. A 1902 ya tattara kayansa ya koma Jølster, nan ne kuma gidansa har ya mutu da ciwon namoniya a watan Janairu na 1928, yana da shekara 47, ya bar matarsa Engel da 'ya'ya 8.

Kuskurena na farko shi ne zaton da na yi cewa rashin sani ne ya zaunar da shi a ƙauye. Mutumin nan ya ga Faris da idonsa. Can ya ga aikin Henri Rousseau, ma'aikacin kwastan ɗin nan da bai yi makarantar zane ba, wanda su Picasso suka zo suna girmamawa daga baya, kuma sunansa na nan cikin taswirar da nake zanawa a allo. Can ya ƙara sanin hotunan Japan da ake bugawa da katako, musamman na Hokusai, su ma suna da nasu jan akwatin a taswirar, kusa da namu. Bayan ya koma gida bai daina fita ba: ya je Landan a 1908 don ya duba aikin Constable, ya je Balin a 1911, har Aljeriya ya taka a 1922. Yana karanta mujallun zane, yana rubuta wa abokansa dogayen wasiƙu a kan abin da ake ciki. Watau dai rijiyar da 'yan Faris suka sha, shi ma ya sha, sai dai da ya ɗebo ruwan gida ya kai.

Sai na koma na dubi hotunan da idon da ya kamata. Abu na farko da na lura shi ne, kusan babu inuwa. Mu da muka saba da rana mai raba abu biyu, haske nan duhu can, wannan yakan ba mu mamaki. Amma a Jølster cikin watan Yuni dare ba ya yin duhu sosai, wani irin haske ne yake kwanciya a kan komai, ba ka san ta inda ya fito ba, launin ciyawa da na fure sai su yi kamar su ne ke ba da hasken. Masu zanen Faris sun sha gardama da rubuce-rubuce kafin su yarda cewa hoto shimfiɗaɗɗen abu ne, ba taga ba, a daina wahalar da kai wajen ƙirƙiro zurfi da inuwa, a bar launi ya yi magana. Astrup ya san wannan gardama, ga shi kuma sararin samaniyar garinsu ya riga ya yanke masa ita. A hotonsa na daren Yuni, gonar da ke nesa da furen da ke gabanka duk sun hau kan juna kamar adon da aka yi wa zanen gado.

Abu na biyu, da gangan yake zana abu yadda yaro ke ganinsa. Ya adana zane-zanen da ya yi yana ƙarami, yana kuma rubuta abubuwan da ya tuna na ƙuruciya a littafi don ya mai da su hoto. Shi ya sa dutsen da ke hayin tafki wani lokaci sai ka ga ƙanƙarar kansa ta zama mace a kwance. Itacen da aka sassare wa kai ya zama dodo mai miƙa hannuwa. Sandunan da manoma ke rataye damin hatsi a kai don ya bushe sun jeru a gona kamar tsofaffi masu lulluɓi, har da idanu. Wanda duk ya taɓa wuce kuka ko tsamiya da almuru yana ɗan shekara 7 ya san wannan gani. Ban ce Astrup ya yarda akwai dodanni ba. Abin da ya gane shi ne, tsoron da yaro ya ji a gindin itace yana cikin kamannin itacen, wanda ya zana itacen ya bar tsoron bai gama aikinsa ba. Munch ma abin da ya yi ke nan da nasa firgicin, duniya ta tafa masa.

Inda ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne aikin katako. Yakan sassaƙa hoto a jikin allunan itace, kowane launi da allonsa, ya shafa fenti da buroshi, ya danna a takarda, kamar yadda ake buga hatimi. Amfanin wannan sana'a a wurin kowa shi ne a sami kwafi da yawa iri ɗaya. Astrup sai ya juya abin. Allo ɗaya, yau ya shafa masa launin dare, gobe na asuba, jibi ya ɗauko allon wani hoto dabam ya haɗa da wannan, ya zo kuma ya ƙara taɓawa da hannu bayan an buga. Da wuya ka sami biyu da suka yi daidai. A Dulwich an jera bugu da dama na hoto guda a bango ɗaya, ka bi su da kallo kamar kana sauraron mawaƙi yana juya amshi ɗaya, kowane zagaye da abin da ya sauya. Munch, wanda shi ne gwanin wannan fanni a ƙasar, ya sayi wasu daga cikinsu da kuɗinsa.

To, saura zargin da na fara yi masa, wai wuri ɗaya yake ta zanawa. A nan ne kunya ta kama ni sosai. Cézanne, wanda ke can saman taswirata, ya koma garinsu Aix ya yi ta zana dutse ɗaya, Sainte-Victoire, sau gommai, har ya mutu a 1906. Monet ya shekara yana zana tarin hatsi a gona ɗaya daga 1890 zuwa 1891, ya kuma ƙare rayuwarsa yana zana lambun da ya shuka da hannunsa a Giverny. Kai, har Norwe ɗin ya je a 1895 ya yi ta maimaita wani dutse nasu mai suna Kolsås. Astrup ma tun daga 1913 ya tare a wani gangare mai suna Sandalstrand a ɗaya gefen tafkin, ya yi ta gina matakala da ƙasa da ciyawa, ya shuka itatuwan marmari da wani ganye mai jan kara mai tsami kamar yakuwa, ya gyara wurin yadda yake so ya gan shi, sa'an nan ya zana shi. Aiki iri ɗaya ne. Ni da bakina na sha gaya wa ɗalibai cewa nacin Cézanne a kan dutsensa shi ne mafarin zanen zamani. Me ya sa da na ga wannan naci a wurin mutumin Jølster na kira shi ƙauyanci? Ba wani dalili sai dai Aix jirgin ƙasa na kai dillalan Faris can, Jølster kuwa ba ya kai su.

Kada kuma in wuce gona da iri, don masu gyaran tarihi suna da wannan hali, in sun tono wanda aka manta sai su naɗa masa rawanin da ya fi kansa. Astrup bai kafa wata makaranta ba, ba wata kibiya da za ta fita daga sunansa ta nufi wani babban salo. Nuni uku kacal ya yi na kansa, a 1905 da 1908 da 1911, bayan na ƙarshen kuwa, da samarin Norwe da suka yi karatu wurin Matisse suka dawo suka cika kasuwa, sai ya shiga shakkar kansa, ya yi ta jin an wuce shi. Wasu hotunan ya maimaita su ne don a saya a ci abinci, ana kuwa ganewa. Akwai na cikin ɗaki da 'ya'yansa waɗanda, a ganina, zaƙinsu ya yi yawa. Har ila yau, farin jininsa a gida yana da nasaba da siyasa: Norwe ta rabu da Suwidin a 1905, tana neman abin da za ta nuna ta ce wannan namu ne, hotunan Astrup kuwa suka dace da bukata, suka shiga gidaje da makarantu, har sabo ya sa su kansu mutanen ƙasar suka daina kallonsu da kyau. Kuma fitowar da ya yi duniya a 2016, da wadda ya sake yi a gidan zane na Clark a Amurka a 2021, ba daga sama suka faɗo ba. Wata gidauniyar bankin ajiya ta Norwe, wadda ta mallaki tarin aikinsa mai yawa, ita ta tsaya masa. Mai zanen da ƙasarsa ba ta da irin wannan gata, ko ya fi Astrup, yana nan kwance inda aka bar shi.

Duk da haka, hukuncina shi ne mutumin nan ɗan zamani ne cikakke, na sahun farko a shekarun 1900 zuwa 1920, kuma rashin wurinsa a taswira aibin taswirar ne. An tsara ta don ta amsa tambaya ɗaya, wa ya haifi wa. Ba ta da inda za ta sa wanda ya je ya gani, ya fahimta, ya ɗauki abin da zai yi masa amfani, ya koma ya yi aiki da shi a kan ƙasar da ya sani. Irin wannan mataki ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka ɗauka a Zariya a 1958 da suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai masu zane, kuma abin dariya, ina koyar da wannan a zango na biyu ina yabonsu, ban taɓa lura cewa ya rushe abin da na koyar a zango na farko ba.

Laifi tudu ne. Abin da ya hana ni barci a Landan ba Alfred Barr ba ne, wani yaro ne da na duba wa aikin kammala digiri shekara 7 kafin wannan tafiya. Yaron shiru-shiru ne, daga wani ƙauye. Ya kawo hotuna 12, dukkansu na kududdufin bayan garinsu: da damina ya cika ya tumbatsa, da kaka, da hunturu hazo ya rufe shi, da bazara ya bushe ya tsattsage yara na haƙar laka. A gefe akwai wata kuka, wadda a kowane hoto take ƙara yin kama da tsohuwa mai doro. Na ce masa nisa da kusa sun rikice masa, na ce kukar nan ba haka kuka take ba. Ya ce, "Malam, haka muke ganinta." Na ɗauki jan biro na rubuta a takardar sakamako, ina zamani a cikin wannan? Na ba shi makin da zai fita da shi kawai, ba don wani malami ya sa baki ba ma da ban ba shi ba.

Da na dawo gida na yi ta cigiyarsa, sai bayan wajen shekara guda wani abokin karatunsa ya yi mini kwatance. Na same shi a wata rumfa a bakin tasha, yana rubuta allunan shaguna da lambobin mota, da yara biyu masu koyon aiki. Ya gan ni ya miƙe da sauri, ya goge hannu a riga, ya durƙusa. Ya aika aka sayo mini lemo. Na yi ta kewaye-kewaye, daga bisani dai na fito da littafin nunin Dulwich daga jaka na miƙa masa, na ce ya duba. Ya buɗe a hankali don kada fenti ya taɓa, ya yi ta juyawa bai ce komai ba, har ya iso kan itacen nan mai hannuwa. Ya daɗe a nan. Sa'an nan ya ɗago ya ce, "Allah gafarta Malam, su ma suna da ita ashe."

Na tambaye shi hotunan nan 12. Ya ce ɗakin da ya ajiye su a ƙauye ya yi yoyo, gara kuma ta ci wasu, saura 3, suna wurin mahaifiyarsa ta rufe buhunan gero da su. Kududdufin ma an cike shi an yanka filaye, kukar ce dai ba wanda ya yarda ya sare. Na ce ina so in saya, ya faɗi kuɗi. Ya yi dariya ya ce shi ba zai sayar wa malaminsa da abin da bai ci jarrabawa ba, amma in ya je gida da Sallah zai taho mini da su. Na ce to, littafin kuma ya riƙe. Wani direba ya leƙo yana faɗa a kan lambar motarsa da aka yi masa alkawari tun jiya, ya sa littafin cikin leda, ya ɗora a saman kanta inda yara ba za su kai ba, ya ɗauki buroshinsa.